Stellarium a waya, ashe Aldebaran Dabaran ɗin malamanmu ne

Jama'a wannan aplikasiyon na kallon taurari Stellarium ya cancanci a sauke shi gaskiya. Yana nan Play Store kyauta, akwai na biya amma ni dai na kyautan ya ishe ni. Wani Bafaranshe ne Fabien Chéreau ya faro shi tun 2001 don kwamfuta, daga baya aka yi na waya. Ɗaga wayar kawai za ka yi ka saita sama, tauraron da ka nufa sai sunanshi ya fito, kuma ko ba ka da mega yana tafiya in ka riga ka sauke.

Inda ya kama ni shi ne wannan tauraron ja-ja da ke fitowa gabas bayan magariba lokacin ɗari, ƙasan Kaza da 'ya'yanta kaɗan. In ka taɓa shi zai rubuto maka Aldebaran, kai ka ce sunan Nasara ne, to wallahi Larabci ne tsantsa, Ad-Dabaran, wato mai bin baya, saboda kullum sai Surayya ta fito sannan shi ya biyo ta kuma bai taɓa cim mata ba, Surayyar nan kuwa ita ce Kazar tamu. Turawa daga littattafan falakin Larabawa da suka juya zuwa Latin suka kwashe sunan, bakinsu ya ɗan lanƙwasa shi. Dabaran ɗin nan fa shi ne dai wanda malamanmu na zaure ke ambata cikin taurari 28 na lissafin damina da rani, ka tambayi tsofaffin unguwar Birni ta Damagaram ka ji. Faɗinshi ya ninka na rana sau 40 da wani abu, haskenshi kuma kusan shekara 65 yake yi a hanya kafin ya iso mu, ikon Allah!

Abu biyu dai. In wayarka ƙarama ce marar kamfas ba zai bi hannunka ba, sai ka riƙa jan sama da yatsa. Sannan in hazo ya rufe Damagaram, waya za ta nuna maka tauraro ka ɗaga kai ba komai sai ƙura. Ka jira daren da sama ta washe ka hau duwatsu ko ka ɗan fita hanyar Mirriah, kuma ka kunna jan hasken nan na dare don kar waya ta kashe maka ido.