Injin yankan ciyawa ya buga: gyara ko sabo?

Ɗan'uwa, ka ce injin yankan ciyawarka na turawa ya kai shekara 10, yana cikin aiki ya yi wata ƙara ya mutu, bakanike kuma ya ce ya buga. Kana tambaya ko ka gyara ko ka sayi sabo. Ni a ganina, kada ka yanke hukunci sai ka san abu biyu: me ya lalace a cikin injin, kuma yaya lafiyar bodin da injin yake zaune a kai.

"Ya buga" magana ce mai faɗi, ana faɗarta ga ƙaramin ciwo da babba. Ka fara cire wayar fulogi, domin wuƙar nan ba ta san hannun mai ita ba. Riƙe hannun birki, ka ja igiyar a hankali. Idan ka ji tana turjewa tana saki, fistin yana da rai, kuma da wuya matsalar ta wuce fulogi, matatar iska ko kafireto. Fetur idan ya yi fiye da wata guda a tanki yakan fara lalacewa, ya bar danƙo ya toshe 'yan ƙananan ramukan kafireto. Akwai kuma wani ɗan ƙarfe na alminiyum da ke riƙe faifan saman injin a jikin karanshaf, wato sandar da ke juya wuƙa. Da gangan aka yi shi mai laushi, don idan wuƙa ta daki dutse shi ya karye a madadin manyan kaya. Da ya karye wuta ba ta zuwa a kan lokaci, inji ba ya tashi. Duk waɗannan gyaran yini ɗaya ne, kuma ina jin takaicin yadda ake zubar da injina masu lafiya saboda su.

Idan kuwa igiyar ta ƙi motsi sam, ka duba ƙasa babu ciyawa ko itace da ya maƙale wa wuƙa, to fistin ya kama, galibi saboda ƙarancin baƙin mai. Idan ta taho sakwaf ba turjiya, kana jin ƙarfe na kaɗawa a ciki, sandar fistin ce ta karye. A nan ne tambayarka ta zama tambaya.

A ɓangaren gyara, abin da kake saya shi ne injin da ka riga ka san halinsa. Amma buɗe cikin inji aiki ne mai cin lokaci, kuma kuɗin aikin sau da yawa ya fi na kayan. Za a sa sabon ringi, wataƙila da fistin, sauran kayan kuwa suna nan da shekarunsu 10. Inji ne mai juyawa kusan sau 3,000 a minti ɗaya, ba ya yafe ƙaramin kuskure. Shi ya sa idan karanshaf ne ya lanƙwashe ba na goyon bayan a miƙar da shi da guduma. Gyaran gangar auzinawa ke nan: zai riƙa karkarwa, ya cinye abin da ke tare baƙin mai, ga haɗarin karyewa da wuƙa a jikinsa.

A ɓangaren sabo, kana samun garanti, galibi na shekara 2 ko 3, da tayoyi da wayoyi da komai sabo. Sai dai mai araha ba lallai ya kai tsohon naka ƙwarin ƙarfe ba, ka ɗaga shi ka ƙwanƙwasa bodin kafin ka biya. Idan filin ba shi da girma, na batir ya raba ka da kafireto da juyen baƙin mai gaba ɗaya, amma batirin yana tsufa, kuma shi ne kaya mafi tsada a jikinsa.

Akwai hanya ta uku da mutane kan manta: a sauke mataccen injin a ɗora wani, sabo ko na hannu. Yawanci ƙusoshi uku ne ke riƙe shi. Abin lura shi ne kauri da tsawon sandar da wuƙa ke hawa, domin akwai mai milimita 22 akwai mai 25, kuma idan tsawon ya saɓa wuƙar ba za ta zauna daidai ba. Idan injin naka ƙirar kamfanin Briggs & Stratton ne, an buga lambobi kashi uku a jikinsa, lamba biyun farko na kashi na uku su ne shekarar da aka ƙera shi. Da lambobin nan kashi uku za ka nemi kaya. Wannan hanya ta fi biya ga babban injin da ake hawa, inda injin da ke cikinsa wani ɓangare ne kawai na kuɗin. A ƙaramin na turawa, sabon inji yakan kusa kamo kuɗin sabon gaba ɗaya.

Yanzu sai bodi. Kishingiɗar da shi, ɓangaren kafireto yana sama don kada baƙin mai ya malala cikin matatar iska, ka kankare busasshiyar ciyawar, ka danna ƙarfen da sukundireba, musamman wajen ƙusoshin inji da inda tayoyi suka kama. Idan tsatsa ta huda shi, kada ka kashe masa ko sisi, domin bodin ne ke tare dutsen da wuƙa ta harbo kada ya same ka a ƙafa.

Da ni ne, bodi lafiya kuma igiya tana turjewa, gyarawa zan yi. Bodi lafiya amma fistin ya kama, sai in nemi inji na hannu, in kuma jimillar kuɗin ta haura rabin kuɗin sabo in haƙura. Ka koma wurin bakaniken ka ce ya nuna maka ainihin abin da ya karye, ya kuma faɗa maka kuɗin kaya daban, kuɗin aiki daban.