Daga Helsinki, kan kubar da ka ce in nemo maka

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kai da iyali gaba ɗaya. Saƙonka ya iso, na kuma ga hoton ƙofar da aka ɗora wa sabon gidan, Allah Ya sa a shiga a sa'a. Ka ce in nemo maka kuba mai nauyi, irin wadda ɓarawo zai gani ya juya da baya. Ka yi haƙuri da jinkirin amsa. Zamana a ƙasar nan ya sauya mini tunani a kan wannan abu, shi ya sa na ga gara in zauna in yi maka bayani kafin in sayi komai.

A hunturuna na farko a nan na fita zubar da shara da daddare, ƙofa ta rufe a bayana, makulli yana ciki. Ƙofofin gidajen Finland waje suke buɗewa, kuma da ka ja su sun kulle kansu. Na kira lambar kamfanin da ke kula da ginin, wadda aka manna a bakin babbar ƙofa. Wani mutum ya zo, ya nemi katin shaidata, ya duba sunana cikin jerin mazauna gidan, sannan ya ciro makulli ɗaya ya buɗe mini, na biya kuɗin aiki. Muna tsaye na tambaye shi, da a ce ba shi da wannan makulli, zai iya soka waya ya buɗe? Ya girgiza kai, ya ce sai dai a kawo injin huda ƙarfe a lalata kubar. Na dubi abin da yake magana a kai, wani ɗan dunƙulen ƙarfe ne wanda bai kai ƙwan kaza ba. Tun daga ranar nake bin diddigin abin da ke cikinsa.

Wannan dunƙulen da makulli ke shiga shi ake kira silinda, kuma shi ne zuciyar kuba. Yawancin kubobi da kwaɗunan duniya suna bin tsarin da Linus Yale ƙarami ya yi wa rajista a Amurka a 1861 da 1865. A ciki akwai wani gungumen tagulla mai juyawa, an huda ramuka biyar ko shida a jere, kowane rami da 'yan ƙusoshi biyu, ɗaya a kan ɗaya, sifirin yana danna su ƙasa. Haƙoran makulli na gaskiya su ke ɗaga kowace ƙusa daidai tsayin da mahaɗarsu za ta zo kan layi guda, sai gungumen ya juya. Inda matsalar take, babu injin da zai huda ramukan nan a kan layi ɗaya cif. Kullum sai an sami wanda ya goce da abin da bai kai kaurin gashi ba. Idan mutum ya ɗan murɗa gungumen, ƙusa guda ce za ta fara cijewa, ya ɗaga ta, wata ta cije, haka har ya gama da su ɗai-ɗai. Ba ya buƙatar gwada dubban makullai, yatsunsa kawai yake saurara. Akwai ma wata hanyar da ta fi wannan sauri, ta buga makullin da aka goge haƙoransa don ƙusoshin su yi tsalle lokaci guda, wadda ƙungiyar masu sha'awar kuba ta TOOOL a Holan ta fallasa wa jama'a a 2005. Ka ga ke nan kwaɗo zai iya cika tafin hannu, ya yi nauyi kamar dutse, alhali cikinsa ƙusoshi huɗu ne masu santsi.

Duk wanda ya zauna ƙera silinda mai wuyar buɗewa, abin da yake yaƙa shi ne wannan labarin da ƙarfe ke ba yatsun mai murɗawa. Wasu masu ƙira sun ce a bar ƙarfen ya yi magana amma ya yi ƙarya: su ne ke sa ƙusoshi masu siririn ƙugu kamar kalangu, ko masu zara-zara a jiki, waɗanda ke maƙalewa su sa mutum ya ɗauka ya kai, alhali bai kai ba. Wasu kuma sun ƙara shinge na biyu. Kamfanin Medeco na jihar Virginia a Amurka ya yi ƙusoshin da ba ɗagawa kaɗai ake yi ba, sai an juya kowace zuwa wata fuska kafin wata siririyar sandar ƙarfe da ke gefe ta faɗa gurbinta. Mul-T-Lock sun sa ƙusa a cikin ƙusa. EVVA na birnin Viyana suna da wata mai aiki da maganaɗisu a jikin makulli.

Mutanen Finland su hanya dabam suka bi, kuma ita ce ta fi kwanta mini. A 1907 wani makanikin injinan ofis a Helsinki mai suna Emil Henriksson yana gyaran injin ƙirga kuɗi na kanti, sai ya lura da yadda fayafayan cikinsa ke juyawa, ya ce ai wannan zai yi kuba. Daga nan kamfanin kuba na Abloy ya samo asali. Yanzu a garin Joensuu da ke gabashin ƙasar masana'antarsu take, kuma a 1994 suka haɗe da Assa na Suwidin. Silindarsu ba ta da ƙusoshin da sifirin ke dannawa. Fayafayai ne na ƙarfe a jere kamar an jera kwabbai, kowane da ɗan giɓi a gefensa. Makullin ba shi da haƙora irin na zarto, yanka ne aka yi masa a karkace, kowane da tasa kusurwar. Idan ka sa shi ka juya kwata na farko, ƙofa ba ta ko motsi, fayafayan ne ke juyawa, wani kaɗan, wani da yawa, har giɓinsu ya zo layi ɗaya ya zama kwari. Sai sandar gefe ta faɗa cikin kwarin, silinda ta saki. Tun da babu abin da zai yi tsalle, bugun makulli ba ya aiki a kanta ko kaɗan. An kuma yi wa fayafayan giɓin ƙarya marasa zurfi don su ruɗa mai lalube. A sabuwar ƙirarsu ta Protec2 akwai wasu sanduna da ke ƙulle fayafayan su zama dunƙule guda da zarar an matsa wa silindar ba da makullinta ba, don kada a iya bin su ɗaya bayan ɗaya.

Rashin sifirin ɗin nan yana da wani amfani da na gani da idona. Kwaɗon da ke ɗakin ajiyar kekuna, mai irin wannan silinda, yana kwana a waje cikin ƙanƙara, da safe ya buɗe lafiya. Sifirin shi ne ke fara gajiya, shi ne datti ke fara kamawa, to abin da babu shi ba zai lalace ba.

Kada ka ɗauka ina cewa akwai kubar da ta gagari ɗan Adam. Joseph Bramah ya rataye tasa a tagar shagonsa a Landan tun 1790, da alƙawarin gini 200, wani tsohon kuɗin zinariya na Ingila, ga wanda ya buɗe ta. Ta yi shekara sittin da ɗoriya, sai a 1851 Ba'amurke Alfred Charles Hobbs ya buɗe ta bayan aikin awa 51 cikin kwana 16. Tsohuwar Abloy ma masu kayan aiki na musamman suna buɗe ta. Amma wane ɓarawo ne zai tsuguna a ƙofar mutum awa 51? Shi ya sa ma'aunin Turawa na lokaci ne. Ƙa'idar UL 437 ta Amurka tana neman silinda ta jure minti 10 a hannun gwani mai lalube kafin a ba ta shaida. Ta Turai kuwa EN 1303 ake kiranta, tana ba da maki kan juriya da yawan makullan da ba sa shiga na juna.

Da na kai wa wani abokina ziyara a Ingila na ga wani darasi dabam. Yawancin ƙofofinsu na roba suna amfani da silinda ƙirar Yuro, doguwar nan mai kamar ramin makulli, wadda ke ratsa ƙofa daga waje zuwa ciki. Tsakiyarta, inda ƙusa mai zare ke riƙe ta, siriri ne ƙwarai. Ɓarayi suka gano ba sai sun wahala da lalube ba, kama bakinta kawai suke yi su karya ta biyu. Wannan ya sa aka fito da ma'aunin TS 007 mai taurari, inda mai tauraro uku ke da wurin da aka raunana da gangan kusa da baki, don in an ja, guntu ne zai ɓalle, sauran ta tsaya a kulle. A Jamus kuma abin da ya burge ni hidima ce: 'yan sanda suna da ofisoshin da mai gida zai je a ba shi shawara kyauta kan yadda zai ƙarfafa ƙofa da taga. Abin da suka fi nanatawa shi ne yawancin masu fasa gida da ƙarfe suke ɓamɓare ƙofa ko taga. Don haka firam ɗin ƙofarka da farantin da sakata ke shiga su ma ka sa musu ido, har da dogayen ƙusoshin da za su kama bango.

Abin da na fi so ka yi tunani a kai shi ne maganar kwafin makulli. A nan makullina ɗaya ne yake buɗe ɗakina, babbar ƙofar gini, ɗakin wanki da wurin ajiya, amma ba ya buɗe ƙofar maƙwabcina. Idan ina son ƙari, ba zan shiga ko'ina a yanka mini ba. Sababbin ƙirar suna zuwa da kati mai lamba, sai an nuna shi ga dillalin da kamfani ya amince da shi, kuma ɗanyen makullin ba ya yawo a kasuwa muddin rajistar ƙirar ba ta ƙare ba. Haka Jamusawa ma suke yi. Wanda ka ba aron makulli na rabin yini, ko magini, ko mai fenti, ba shi da inda zai kai a kwafa masa. A ganina wannan ya fi duk wata dabara da ke cikin silindar amfani ga mai gida. Wahalarsa ita ce in ka ɓatar da makulli babu mai yanka maka wani nan take, sai an aiko. Akwai kuma masu lantarki irin na iLOQ daga garin Oulu, waɗanda tura makullin ne ke samar musu wuta, ba batir, kuma ana soke makullin da ya ɓata a kwamfuta. Suna da kyau ga babban gini mai ɗaruruwan mazauna, amma ban ba ka shawararsu ba, don duk gyaransu yana hannun dillali.

Abin da na yanke, in ka amince, shi ne in sayo maka silinda mai fayafayai a ƙirar Yuro, don daga hoton na ga ita ce za ta shiga ƙofarka, mai taurin ƙarfe a baki saboda injin huda, da kwaɗo ɗaya na get, in sa a haɗa su su riƙa buɗewa da makulli guda. Sai dai ina buƙatar awo daidai. Ka sa a kwance silindar da ke jiki yanzu, a auna daga tsakiyar ramin ƙusa mai zare zuwa bakin waje, sannan zuwa bakin ciki, da milimita, kowane gefe daban. Kada sabuwar ta leƙo waje fiye da milimita 3, in ba haka ba an ba mai karya wurin kamawa. Ka kuma ƙirga mutum nawa za su riƙe makulli, ka ƙara biyu na ajiya, don in sa a yanka su gaba ɗaya. Katin kuwa ka gaya mini ko in aiko maka da shi ko in riƙe a nan inda dillalin yake kusa.

A gaida Yaya Babba da yara.

Ƙaninka.