Fenway Park da Wrigley Field: wanne za a fara zuwa?

Ɗan'uwa, ka tambaya a zauren nan cewa idan mutum fili ɗaya tak zai iya ziyarta cikin tsofaffin filayen wasan besbol na Amurka, Fenway zai je ko Wrigley. A babbar gasar besbol ta ƙasar, su biyun nan kaɗai suka saura daga tsararsu. Ebbets Field na Buruklin an rushe shi a 1960, Comiskey Park ya daina aiki a 1990, Tiger Stadium a 1999. Wanda ke bi musu a shekaru yanzu shi ne filin Dodgers, na 1962.

Fenway, gidan ƙungiyar Red Sox, shi ne ya fi tsufa. An buɗe shi a Boston ranar 20 ga Afrilun 1912, kwanaki kaɗan bayan nutsewar jirgin ruwan Titanic. Wrigley na Chikago ya zo a 1914 da sunan Weeghman Park, kuma ba don Cubs, ƙungiyar da ke wasa a cikinsa yanzu, aka gina shi ba. An gina shi ne don wata ƙungiya ta gasar Federal League, wadda ba ta yi ƙarko ba. Cubs sun tare a 1916, sai a 1926 aka sa masa sunan mai ƙungiyar, William Wrigley, attajirin cingam.

Abin da ya sa Fenway ya fita daban shi ne ƙarancin fili. An matse shi a tsakanin tituna, titin Lansdowne ya tokare ɓangaren hagu, sai aka rama gajartar da dogon bango mai ƙafa 37, wanda ake kira Green Monster. A 1947 aka shafa masa koren fenti, kafin nan tallace-tallace ne a jikinsa. Bangon nan yana sauya wasan kansa. Bugun da zai fice a wani filin sai ya daki bango ya dawo, wanda kuma za a cafe a wani wurin sai ya haye. Mai tsaron hagu dole ya san yadda ƙwallo ke karkata idan ta dawo, in ba haka ba ya sha kunya. Akwai kuma kujera ja guda ɗaya a cikin koraye, inda bugun ɗan wasan Red Sox Ted Williams mai nisan ƙafa 502 ya sauka a 1946.

Shi Wrigley, unguwarsa ce ƙarfinsa. Gidaje ne kewaye da shi, har ana kallon wasa daga saman benayen titunan Waveland da Sheffield. Bangonsa na bulo ne, tsiro mai yaɗo ya lulluɓe shi tun 1937, shekarar da aka kafa allon maki da har yau hannu ke sauya lambobinsa. Idan ƙwallo ta maƙale a ganyen, mai tsaro ya ɗaga hannu, sai a ba mai bugu tasha biyu cikin tasoshi huɗun da ake zagayawa don cin maki. Iskar tafkin Michigan ma tana da ta cewa: wata rana ta kori ƙwallo waje, wata rana ta danne ta. Fitilun dare kuwa sai a Agustan 1988 aka kunna su, alhali Fenway na da su tun 1947.

Magoya bayan duka biyun sun sha jira. Red Sox shekara 86 ba kofi, daga 1918 zuwa 2004, Cubs kuwa 108, daga 1908 zuwa 2016.

Ni dai Fenway zan ce ka je, idan wasan ne ya kai ka. Kujerunsa a takure suke, wasu ma ginshiƙi na tare musu gani, saboda haka ka duba wurin zaman da kyau kafin ka sayi tikiti. Amma idan da iyali za ka, ka nemi wasan rana a Wrigley, ka hau jirgin ƙasa na jan layi ka sauka a tashar Addison, filin na nan dab da ita.