Takardun Genizar Alƙahira a Cambridge Digital Library: Sharhi

Wanda ya saba da ajami ba zai sha wuyar gane lamarin nan ba. Yahudawan Masar na zamanin Fatimiyyawa Larabci suke yi a gida da kasuwa, amma da haruffan Ibrananci suke rubuta shi. Ba sa yar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, sai su zuba ta a wani ɗakin ajiya, geniza, a wurin ibadarsu na Ben Ezra da ke Fustat, tsohuwar Alƙahira. Daga nan wani masani, Solomon Schechter, ya kwaso guntaye wajen 193,000 zuwa Jami'ar Cambridge a 1897. Hotunan dubbai daga cikinsu na shafin intanet na Cambridge Digital Library, kyauta, ba sai da rajista ba.

Ingancin hoto kam ba a magana. Buɗe takarda mai lamba T-S K5.13, littafin koyon baƙi na yara, ka jawo shi kusa: an zana bakin kowane harafi, an cike cikinsa da launi. Akwai takardun aure har da lissafin kayan ɗakin amarya da kuɗin kowanne, da wasiƙun fataken da ke bin hanyar Adan zuwa Indiya, da rubutun hannun Musa bin Maimun, babban malamin Yahudawa wanda ya rasu a 1204.

Da lamba ake nema. T-S na nufin Taylor da Schechter, waɗanda tarin takardun ke ɗauke da sunansu, T-S Ar. kuma akwatunan da Larabci ya fi yawa. Idan ka buga kalma, bayanin Turanci da masana suka rubuta ake laluba maka, ba rubutun da ke jikin hoton ba, don haka gwada suna ta fuska biyu, Ibrahim da Abraham.

Inda sabon shiga ke tuntuɓe shi ne bayan takarda. A lambar hotunan, 1r gaba ne, 1v baya, kuma sau da yawa ba abin da ya haɗa su. Takarda na da tsada a lokacin, sai a yayyanka tsohuwar takardar fada mai rubutun Larabci a yi addu'o'i a bayanta. A ganina daga waɗannan ya kamata mai Larabci ya fara, ko da yake hannun magatakardan fada a sarƙe yake, ɗigo ma jefi-jefi. Mai wasiƙa kuma idan wuri ya ƙare masa sai ya bi gefe a karkace. Juya hoton kafin ka ce ba ya karantuwa.

Haruffan Ibrananci 22 ne, na Larabci 28, shi ya sa harafi ɗaya ke ɗaukar aikin biyu, kamar jim da gain, kuma ba kullum ake sa ɗigon bambancewa ba. Shekara ma tarko ce. Takardun shari'a da dama da wata tsohuwar kalanda, lissafin Salukiyawa, aka rubuta su: cire 311 ko 312 ka sami shekarar Miladiyya. Shekarar 1400 tasu ta faɗo tsakanin 1088 da 1089.

Wasiƙar da ta yanke a tsakiya ba laifin hoto ba ne, wataƙila ɗaya rabin na Oxford ko New York ko Saint Petersburg. Saka lambar a shafin intanet na Princeton Geniza Project, can ake samun rubutun da aka kwafe da guntayen da aka gano mahaɗinsu. A waya hotunan na cin data, ƙananan haruffa kuma na gajiyar da ido. Kwamfuta ta fi.