Gidan reza mai baki biyu: wanne ya dace da gashinmu?

Babu mai tiredar da za ka je wurinsa ka rasa reza. Tiger ce ko Nacet, ana saye a yanke farce, yara su fere fensir, tela ya farke ɗinki. Abin da ba kasafai ake gani ba shi ne gidan da aka yi ta dominsa. Wannan dogon tsagin da ke tsakiyar reza ba ado ba ne, mazauninta ne a cikin wani ɗan gidan ƙarfe mai mariƙi, wanda ke danne ta ya bar siririn bakinta kawai a waje ta ɓangarori biyu.

Ba'amurke King Camp Gillette ne ya fito da abin kasuwa. A 1903 gida 51 kacal ya sayar da reza 168. Da Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya, aka raba wa sojojinta gidaje kusan miliyan uku da rabi, suka koma gida da al'adar. Amfanin da muka ci daga wannan tarihi shi ne ƙirar reza ta zama ɗaya a duniya. Ta Japan, ta Masar, ta Turkiyya, ta mai tiredar bakin layi, duk za su zauna a gida ɗaya. Ba kamfanin da zai ɗaure ka da kansa kamar yadda masu kai mai baki uku ko biyar suke yi.

Ni ƙurajen wuya ne suka kawo ni nan. Ina ajiye gemu, don haka askina bai wuce wuya, saman kumatu da ƙwal-kwabon kai ba. Gashinmu a murɗe yake fitowa. Abin aski mai bakuna da yawa kuwa, bakin farko yana ɗan jawo gashin sama, na bayansa ya yanke, sai guntun ya koma ƙasa da fata. Mai miƙaƙƙen gashi bai cika shan wannan wahala ba. Namu sai ya lanƙwashe ya soki fata ta ciki, bayan kwana biyu ƙuraje sun feso, ga ƙaiƙayi ga baƙin tabo. Rezar da ke cikin wannan gida kuwa, baki guda ne ke taɓa fata a kowane ja, a daidai fata take yankewa, ba ta jan komai. Ba ta warkar da kowa, wasu sai sun haƙura sun koma kilifa, amma ni ta yi mini rana.

Kafin a kwatanta, akwai abu biyu da ke raba gida da gida: tazarar da ke tsakanin bakin reza da sandar kariya ta ƙasa (ɗan ƙarfen da ke ƙarƙashin bakin, mai tare fata), da kuma yawan bakin da ya leƙo waje. In sun yi kaɗan, gidan mai sanyin hali ne, da wuya ya yanke ka amma sai ka maimaita. In sun yi yawa, yana kwashe gashi tas a tashi ɗaya, kuma kuskure kaɗan jini ne. Sauran, irin su ƙyalli da suna da tsada, duk bayan wannan suke.

Merkur 34C shi na fi daɗewa da shi. A Solingen ta Jamus ake yin sa, garin da ya yi suna da wuƙaƙe da almakashi. Gajere ne, mai kauri, nauyinsa bai kai giram 80 ba, amma a hannu sai ka ji kamar ya fi haka saboda duk nauyin a dunƙule yake. Sassa biyu gare shi: ka murɗa ɗan maɓallin da ke ƙasan mariƙi, murfin sama ya fita, ka ɗora reza ka mayar. An yi wa mariƙin zane mai kaushi, ko hannunka duk kumfa ba ya sulɓewa. Abin da nake so da shi shi ne ba ya buƙatar ka danna. Ka ɗora shi a kumatu, ka karkatar da mariƙin har ka ji bakin ya taɓa gashi, ka bar nauyinsa ya yi aikin. Za ka ji wata 'yar ƙara ƙaras-ƙaras, ita ce shaidar ka samu kusurwar da ta dace. In ƙarar ta ɗauke, ko dai murfi kake gogawa a fata ko ka miƙe bakin da yawa yana kankara.

A wuya, inda gashina ke kwanciya ta fuska biyu, ƙasan maƙogwaro yana kallon sama, gefen muƙamuƙi yana kallon kunne, gajartarsa ce ke ba ni damar juya shi yadda nake so. A ƙeya kuwa gajartar nan takan zama aiki, musamman ga mai manyan yatsu. Kamfanin yana da mai dogon mariƙi, 38C, ga wanda ya fi son haka.

Edwin Jagger DE89 ɗan Sheffield ne ta Ingila, kuma in don kyau ne ya fi Merkur nesa ba kusa ba. Rufinsa na kurom, wato farin ƙarfe mai ƙyalli, har fuskarka kake gani a ciki. Sassa uku gare shi: murfi, farantin da reza ke zama a kai, da mariƙi. Ya fi sauƙin wankewa, kuma kana iya sauya masa mariƙi da wani. Kansa kusan ɗaya yake da na Mühle R89 na Jamus, don haka wanda ya mallaki ɗaya kada ya ɓata kuɗinsa kan ɗayan. A aski ya ɗan fi 34C laushi. Wanda bai taɓa riƙe irin wannan abu ba, shi zan miƙa masa. Sai dai a lura wajen saye: akwai mai sulɓin mariƙi, akwai mai zane. Mai sulɓin ya fi ɗaukar ido, amma jiƙaƙƙen hannu da santsin sabulu ba su san kyau ba. A ɗauki mai zanen.

34C da DE89 kawunansu na zamak ne, wato gaurayen zinki da aka zuba a mazubi aka rufe da kurom. Yana daɗewa in an kula da shi, amma ba ya son faɗuwa a siminti, kuma in rufin ya ɓare ruwa na cin na cikin. Kada a ɗaure shi da ƙarfin tsiya, a riƙa ɗiga ɗan mai a wurin da ake murɗawa lokaci-lokaci.

Wanda ba ya son wannan lallaɓawar sai ya duba Rockwell 6S na wani kamfanin Kanada. Ƙarfe ne da ba ya tsatsa, ya haura giram 100, kuma yana zuwa da faranti uku, kowanne fuska biyu, ka sami mataki shida ke nan daga mafi sanyi zuwa mafi kaifi. Dabarar ta burge ni. Wuya na sa lamba 2 ko 3, kai in ya kwana biyu ban taɓa shi ba na juya zuwa 4. Ga mutumin da bai san irin gidan da fatarsa ke so ba, wannan ya raba gardama, don ba sai ya sayi uku ya gwada ba. Aibinsa biyu: tsada, da kaurin kai. Wajen fitar da layin saje ko gyaran ƙasan hanci, kan ya cika girma, ba ka ganin inda bakin yake sauka sosai. Akwai ƙaninsa 6C, ƙira ɗaya amma na zinki, kuɗinsa ya yi ƙasa sosai, askinsu kuma kusan ɗaya.

Henson AL13 ne ake ta yayi a intanet yanzu. Shi ma daga Kanada, masu shi asalinsu ƙera kayan jiragen sama da na tauraron ɗan'adam suke yi, kuma ƙirar ta nuna. Alminiyom ne, bai kai giram 40 ba. Yana danne reza kam har kusa da bakinta, ba ta rawa ko kaɗan, an kuma gina kusurwar aski a jikin kan, ka kwantar da shi a fata kawai ka ja. Kunnuwan rezar, wato gajerun gefunanta biyu da kan leƙo daga gida, su ma a rufe suke, abin da ke da amfani a bayan kunne. Ga ƙwal-kwabo, inda kake aski da lalube ba ka ganin ƙeyarka, ban ga na biyunsa ba. Amma ni rashin nauyin bai kwanta mini ba. Hannun da ya saba da Merkur yana jiran abin ya ja kansa, shi kuwa wannan sai ka taimaka masa. Wanda ya taso daga na roba zai ji kamar gida ya dawo. In ka karkace daga kusurwarsa kuma ba ya yankar ka, ba ya kuma yanke gashin, sai ya wuce abinsa.

Mühle R41 kuwa, mai haƙora kamar matsefi maimakon sandar kariya, an yi shi ne don masu kaurin gashi da suka ƙware. Yana aski tas har fata ta yi sumul. Wannan sumul ɗin shi ne ainihin abin da mai murɗaɗɗen gashi ya kamata ya guda. Ban ba kowa shawararsa a matsayin na farko ba.

Na kuma gwada wani maras suna da na tsinta a kasuwa, irin mai buɗe baki kamar ƙofa biyu in ka murɗa ƙasansa. Kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. Da na ɗaura reza na ɗaga shi a haske, sai na ga baki ɗaya ya leƙo fiye da ɗayan, gefe guda kuma a karkace. Ɓangare ɗaya ba ya cin gashi, ɗayan yana cin fata. Ba duk masu arha ne haka ba, Parker na Indiya da Lord na Masar suna yin masu sauƙin kuɗi da mutane ke amfani da su shekara da shekaru. Amma duk wanda za ka saya a hannu, ka sa reza a ciki ka duba bakunan biyu kafin ka biya.

Ita kanta rezar rabin zance ce. Feather ta Japan tana cikin waɗanda suka fi kaifi, a gida mai sanyi kamar DE89 tana yin kyau ƙwarai, a mai zafi kuwa sai gwani. Astra mai koren kwali tsaka-tsaki ce, ita na fi sa wa Merkur. Derby ta Turkiyya ta yi wa gashin kaina laushi da yawa, tana ja. Nacet ɗin da muke rainawa a tireda tana da kaifi fiye da yadda ake zato, matuƙar ka sami ta gaske. In ka ji reza ta fara jan gashi maimakon yanke shi, ta gama aiki, kada ka yi mata rowa.

Ba a yin wannan aski a bushe. Ruwan ɗumi tukuna, a jiƙa gashin sosai, sannan kumfa da buroshi. Sabulun aski ya fi, amma sabulun salo mai kyau yana yi in ba ya busar maka da fata. A bi kwanciyar gashi, a gajerun ja, kada a ja fata a miƙar da ita, kada kuma a tayar da gashi ta baya komai son sumul. Bayan an gama a shafa jiƙaƙƙen alif, inda ya yi zafi nan ka danna da yawa, a wanke, a bi da ɗan man kaɗanya, balle da hunturu.

In kuɗin gida ɗaya gare ka kuma wuya da kumatu kake gyarawa, ɗauki 34C ko DE89 mai zanen mariƙi, duk wanda ka fi samu da sauƙi. In kai kake askewa kullum, Henson ya cancanci kuɗinsa. Mai tafiya Umara ko wani wuri ta jirgi ya sani ba a barin rezar a jakar hannu, sai a babbar jaka. Tsofaffin reza kuma a tara su a gwangwanin da aka yi wa ɗan tsagi a murfi, kada a watsa a bola inda yara da masu jari-bola ke sa hannu.