Kabad mai riƙe zafin abinci: mai busasshen zafi ko mai tiren ruwa?

Hajiya, na karanta tambayarki, inda kika ce kina dafa abincin biki da walima a Mabera, yawanci shinkafa dafa-duka da tuwon shinkafa da masa da soyayyar kaza, kuma aiki ya ƙaru har kuloli sun daina isarki. Kin ce mai shago ya nuna miki kabad iri biyu masu aiki da lantarki, ɗaya mai busasshen zafi, ɗayan kuma mai tiren ruwa a ƙasansa wanda ya fi tsada, kina neman a gaya miki wanda ya dace da ke. Na yi aiki da duka biyun a nan Sakkwato, na fara da mai busasshen zafi, daga baya na ƙara da mai ruwa, saboda haka abin da zan faɗa miki abin da hannuna ya taɓa ne.

Kafin bambancinsu, akwai abin da suka yi tarayya a kai, kuma shi ne ya fi damuna idan na ga yadda ake amfani da su a wasu wuraren sayar da abinci. Babu ɗaya daga cikinsu da yake murhu ne. Ba a ƙera su don su dafa abinci ko su ɗumama wanda ya huce ba, aikinsu kawai shi ne su riƙe zafin da abincin ya shigo da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a riƙe dafaffen abinci sama da digiri 60 a ma'aunin Salsiyas, kuma kada a bar shi a ajiye a fili fiye da awa biyu, domin tsakanin digiri 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta suke hayayyafa. A Ingila ƙa'idarsu digiri 63 ce, a Amurka kuma 57. Ni na riƙe 63, don a sami ɗan rata. Wannan magana ta fi shafar mu masu dafa shinkafa, saboda akwai wata ƙwayar cuta da ake kira Bacillus cereus wadda irinta ba ya mutuwa da dafuwa. Idan shinkafa ta daɗe tana ɗumi-ɗumi, irin yakan farfaɗo ya saki guba mai sa amai, kuma sake ɗumamawa ba ya kashe wannan gubar. Wadda ta zuba shinkafar da ta huce cikin kabad tana jira ta yi zafi, ta ajiye ta ne sa'o'i a cikin ɗumin da cutar ta fi so. Abin da ya huce, a mayar da shi kan wuta har cikinsa ya kai digiri 74 ko 75, sannan a kai shi kabad.

Mai busasshen zafi ba shi da wani sarƙaƙiya: ƙarfe ne mai ɗaukar zafi, da fanka mai zagaya iska, da maɓallin daidaita zafi. Iska mai zafi wadda babu danshi a cikinta tana shan ruwan duk abin da ta taɓa, kuma wannan ne alherinsa, shi ne kuma aibinsa. Ga soyayyar kaza da samosa da soyayyen dankali da ƙosai, babu abin da ya kai shi, domin bayansu yakan zauna ƙamas kamar yanzu aka tsame su daga mai, musamman idan an jera su a kan raga maimakon a tara su a tire ɗaya bisa ɗaya. Amma ga shinkafa labarin ya sha bamban. A wata walima da na yi wa abinci a lokacin sanyi, na sa dafa-duka tire takwas ba murfi, kafin baƙi su iso bayan La'asar saman kowane tire ya yi tauri kamar ƙanzo, sai da muka kwashe shi muka zubar. Tuwo yakan yi ɓawo ya tsattsage, masa kuma takan rasa taushinta tun daga gefe. Ana rage wannan matsala da rufe tire da murfi mai kamawa sosai ko takardar foyil, kuma hakan yana aiki na awa ɗaya zuwa biyu, sai dai kowane buɗewa don ɗiba yana fitar da tururin da abincin yake taƙama da shi, ba kuma inda wani zai fito ya maye gurbinsa.

Mai tiren ruwa yana da duk abin da wancan yake da shi, sannan an ƙara masa tire a ƙasa wanda ake zuba ruwa, ruwan ya riƙa tashi a hankali yana jiƙa iskar ciki. A wasu maɓalli ɗaya ne, a wasu kuma biyu ne, ɗaya na zafi ɗaya na danshi, kuma mai maɓalli biyu ya fi daraja nesa ba kusa ba. A cikinsa shinkafa takan kai awa uku zuwa huɗu a warware da laushinta, tuwo ya zauna sumul, masa da sinasir su riƙe taushi, farfesu da miyar taushe kuma ba sa yin kauri su kama gefen tire. Inda yake gazawa shi ne wajen abin da aka soya. Idan kika sa kaza a cikin danshi, kafin rabin awa fatarta ta saki ta yi laɓo-laɓo, wanda ya ci ba zai ce soyayya ba ce.

Abin da mai shago ba lallai ya gaya miki ba shi ne cewa yawancin masu tiren ruwa ana iya aiki da su a bushe, a kashe maɓallin danshi ko a bar tiren babu ruwa idan littafin na'urar ya yarda da haka, a buɗe 'yar tagar iska da ke jikin ƙofa, shi ke nan ya koma mai busasshen zafi. Mai busasshen kuwa ba ya komawa mai danshi. Na gwada ajiye kwanon ruwan zafi a ƙasansa, ya ɗan taimaka, amma ba ni da ikon daidaita yawan tururin, kuma ruwan da ke tsatsafa a bango ba shi da magudana, sai ya taru a ƙasa kusa da wayoyi, abin da ya sa na daina.

Yanayin garinmu yana ƙara nauyi a ɓangaren mai ruwa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu danshinta kaɗan ne ƙwarai, kuma duk lokacin da aka buɗe ƙofa ita ce take shiga ta maye gurbin ta ciki, saboda haka abincin da zai yi awa biyu lafiya a Legas ko Fatakwal, a nan ba ya kaiwa. Shi ya sa shawarar da za ki ji daga masu sana'a a kudu ba dole ta yi miki daidai ba. A Maris da Afrilu kuma, lokacin da zafi yake wuce digiri 40, haɗarin ya koma wani wuri: abincin da aka ajiye a fili ba ya yin sanyi har hannu ya ji, sai mutum ya ɗauka yana nan da zafinsa, alhali ya sauka ƙasa da 60 tun da daɗewa.

Akwai kuma wani bambanci da bai shafi ruwa ba, wanda ya kamata ki tambaya a kan kowane ɗayansu, wato ko bangonsa mai ninki biyu ne da abin tsare zafi a tsakiya, ko kuwa falle ɗaya ne. Manyan kabad ɗin nan sukan ja tsakanin wat 1,500 zuwa 2,000. Mai wat 1,500 da ƙarfensa bai huta ba tsawon awa shida ya ci yunit 9 ke nan. Mai ninki biyu yakan kai zafin da aka sa masa ya yanke, sai ya ɗan sauka ya sake kamawa, don haka yana cin ƙasa da haka sosai, jikinsa ba ya ƙona hannun yara masu aiki, kuma idan aka ɗauke wuta yakan riƙe zafi har a tayar da janareta muddin ba a buɗe ƙofa ba. Mai falle ɗaya ya fi araha da sauƙin ɗauka, amma da an ɗauke wuta zafinsa ya fara zubewa, sannan yana ƙara wa kicin zafi a kan wanda ake ciki. Da za a ce in zaɓi tsakanin mai ruwa falle ɗaya da mai busasshe ninki biyu, zan daɗe ina tunani, domin wuta a wurinmu ba abin da ake dogara da shi ba ne.

Wajen girkawa dokarsu kusan ɗaya ce. Ki fara karanta farantin da ke bayansa: wutarmu bolt 230 ce, kuma na hannu da ake shigowa da su daga Amurka yawanci na bolt 120 ne, wanda in aka jona shi kai tsaye zai ƙone nan take. Irin waɗannan kuma lambobinsu na Faranhait ne, inda 140 take daidai da 60 a namu. Kabad mai wat 2,000 yana jan kusan amfiya 9, soket mai amfiya 13 zai ɗauke shi, amma shi kaɗai, a bango, da wayar ƙasa mai kare mutum daga jan wuta, wadda ba a wasa da ita a na'urar ƙarfe da ake taɓawa da jiƙaƙƙen hannu. Kada a jona shi a doguwar wayar ƙari tare da firiza, na taɓa ganin irin wannan waya ta narke a kicin ɗina kuma Allah ne ya kiyaye. Ƙaramin janareta na haske da fanka ba ya ɗaukarsa, sai mai kVA 3 ko sama, in kuma akwai wasu kaya a kai sai a ƙara lissafi. A bar masa rata daga bango don iska, a nisanta shi daga murhun gas da wurin wanke-wanke, a kulle tayoyinsa. Mai ruwa yana buƙatar daɓe ya daidaita sosai, in ba haka ba ruwan ya karkata gefe ɗaya, ɗayan gefen ya ƙone a bushe. Ki kuma auna tirenki kafin ki saya, domin na Turai santimita 53 ne da 32.5, na Amurka kuma kusan 66 da 46, kuma ba kowane kabad ne yake karɓar duka biyun ba.

A ranar aiki nakan kunna shi minti 30 zuwa 45 kafin a sauke tukunyar farko, in sa shi wajen digiri 75, saboda lambar da ke jikin ƙofa zafin iska take nunawa, ba zafin tsakiyar tuwo ba. Ruwan tire ma mai zafi nake zubawa, don kada ya ja zafin ƙasa. Ki sayi ma'aunin zafi mai tsinke wanda ake soka wa abinci, ki riƙa dubawa duk bayan awa biyu, musamman tiren da ke ƙasa kusa da ƙofa, wanda shi ne yakan fara sauka. Kada a cusa tire har iska ta rasa hanyar zagayawa. Ko da zafi bai sauka ba, ni ba na wuce awa huɗu, domin daga nan ɗanɗano ya fara canzawa.

Wajen kulawa ne mai busasshen zafi yake rama abin da ya rasa. Shi ana cire filogi, a bar shi ya huce, a goge cikinsa da ruwan ɗumi da sabulu, a share ƙurar hunturu daga ramukan fanka, an gama. Mai ruwa kuwa kullum sai an zubar da ruwan tire an wanke an busar, a bar ƙofa a ɗan buɗe cikin dare don kada ya yi wari ko fumfuna. Ruwan rijiyar burtsatse a unguwanni da yawa yana barin farin abu mai tauri a jikin tire, wanda idan ya taru yakan hana zafi ratsawa har ƙarfen zafin ya gaji ya ƙone. Nakan jiƙa tiren da binega ko ruwan lemun tsami sau ɗaya a mako in ɗauraye sosai, kuma tun da na koma zuba tataccen ruwa abin ya ragu. A duka biyun kada a watsa ruwa da tiyo, kada a kankare da soson waya, kada kuma a sa bilic, domin yana cin ƙarfen jikin kabad ɗin ya bar masa ƙananan ramuka masu tsatsa. Robar bakin ƙofa ita ce takan fara mutuwa: ki datse takarda a ƙofar ki ja, idan ta zare ba tare da turjiya ba, lokacin canza robar ya yi.

Kulolinki kuma kada ki rabu da su. Kabad ba ya shiga Keke Napep zuwa Arkilla ko Runjin Sambo, saboda haka shi zai riƙe abinci a kicin har lokacin tashi, kula kuma ta kai shi gidan biki, bayan an ɗauraye ta da ruwan zafi an cika ta taf.

Bisa abin da kika ce kina dafawa, uku daga cikin huɗu danshi suke so, don haka shawarata ita ce ki sayi mai tiren ruwa, mai ninki biyu, mai maɓallin danshi daban, in da hali mai ƙofa biyu sama da ƙasa don rabin zafin kawai ya fita idan an buɗe. Kaza kuma a soya ta a ƙarshe dab da fita, ko kuwa idan ciniki ya ƙaru ki ƙara da ƙaramin mai busasshen zafi domin ita da samosa. Da a ce sana'arki kaza da dankali ce ta shago, da akasin haka zan ce miki, in kuma hana ki biyan kuɗin ruwan da ba za ki yi amfani da shi ba. Ranar da za ki biya, ki tafi da mai gyaran wutar da kika amince da shi da ma'aunin zafinki, a kunna kabad ɗin a gabanku na rabin awa, a auna sama da ƙasa, a ga ya yanke da kansa ya sake kamawa, sannan ki tambayi mai shagon ko ana samun robar ƙofa da ƙarfen zafi da fankarsa a nan Sakkwato ko sai an aika Kano.