Tsohuwar bindigar hannu, takobi ko lambar yaƙi: wanne mai son tarihi zai saya a Katsina?

Duk mai sha'awar kayan yaƙin da, idonsa kan fara sauka kan bindigar hannu. Akwai Webley ta sojan Ingila, wadda suka fara riƙewa a 1887, irin wadda hafsoshinsu ke ratayawa a zamanin da Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, ya shigo Katsina ta Ƙofar 'Yanɗaka a 1903. Akwai Luger ta Jamus ta 1908, ga kuma Colt ta Amurka ta 1911. A Turai mutane na tara su kamar yadda ake tara tsofaffin kuɗi.

A nan gida lamarin ba haka yake ba. Dokar makamai ta 1959 ta sa bindigar hannu cikin haramtattun makamai, har da tsohuwa mai ƙanƙara, kuma shugaban ƙasa ne kaɗai ke ba da izinin riƙe ta. Tsatsa ko tsufa ba sa wanke mai ita a gaban alƙali. A halin da jiharmu ke ciki da matsalar tsaro, wanda ya kira ka lungu ya ce yana da ta kakansa, kada ma ka taɓa. Wanda ya gaji irinta, ya nemi shawarar lauya ya miƙa ta ga hukuma. Ta kwaikwayo ma ban ga amfaninta ba, don a shingen bincike ba wanda zai tsaya sauraron bayani.

Bindigar toka, irin ta 'yan bindigar Sarki a hawan Sallah, dokarta ta fi sauƙi, amma ita ma sai da lasisin 'yan sanda.

Takobi ne na fi so, amma a raba biyu. Wanda aka ƙera a ƙasar nan kafin 1918, dokar gidajen tarihi ta 1979 ta ɗauke shi kayan tarihi, ba a cinikinsa sai ta hannun wakilin da hukumar gidajen tarihi ta amince da shi. Sabon ƙira kuwa, ka je wajen maƙeri ka yi oda, baduku ya ɗinka maka kube. Ka duba ƙotar, ka girgiza ta: idan tana motsi, aikin gaggawa ne. Ka yi hattara da masu binne sabon takobi a ƙasa mai laima don ya yi tsatsa su kira shi na zamanin jihadi. Tsatsarsu ja ce jawur, tana bin yatsa, alhali tsohon ƙarfe baƙi-baƙi yake, sumul.

Sai lambobin yaƙi, waɗanda mutane suka fi rainawa. Kakanninmu da yawa sun je ƙasar Bama (Myanmar ta yau) a Yaƙin Duniya na Biyu, cikin runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Tauraron Bama, lambar da aka ba waɗanda suka yi yaƙin can, yawanci ba a buga sunan mai shi, don haka jabu na da sauƙin shiga. Ka nemi wanda ya zo da takardar sallama ko hoton sojan, su ne shaidarsa. Kuma don Allah, idan iyalin tsohon soja ne talauci ya sa za su sayar, ka rubuta sunansa da garinsa ka ajiye tare da lambar.

Wajen adana, damina ce abokiyar gaba. Kada ka bar takobi cikin kube wata da watanni, fata na jan laima. Ɗan man keke a tsumma ya isa. Kada ka goge da yashi ko toka don ya yi ƙyalli, ka kankare darajarsa ke nan. Takardu kuwa, nesa da rana da gara.

Kafin ka fitar da ko sisi, ka leƙa gidan tarihi na ƙasa da ke tsohon ginin Kwalejin Katsina, ka ga kamannin tsohon kaya na gaske, ka kuma tambayi ma'aikatan abin da doka ta yarda ka saya.